Hasken Kosmik da Ragowar Taurarin da Suka Fashe: Tambayoyi da Amsoshi

Shekara ɗari da 'yan kai ke nan masana kimiyya suna bin sawun wasu ƙananan ƙwayoyi da suke faɗo wa duniya daga sararin samaniya ba dare ba rana. Babban wanda ake zargi da aiko su shi ne ragowar taurarin da suka fashe, kuma shaidun da aka tara a kansa suna da nauyi ƙwarai, sai dai akwai ɓangare guda na tuhumar da har yau ba a tabbatar da shi ba.

Mene ne hasken kosmik?

Sunan yana da ruɗarwa, domin abin da ake kira hasken kosmik ƙwayoyi ne masu nauyi da ke gudu da saurin da ya kusa kai na haske. Kimanin kashi 90 cikin 100 furoton ne, wato cibiyar atom ɗin haidurojin. Kusan kashi 9 cibiyoyin hiliyom ne. Ɗan abin da ya rage kuwa cibiyoyin sinadarai ne masu nauyi irin su kabon, oksijin da ƙarfe, tare da 'yan elektiron kaɗan. Ba'amurke Robert Millikan ne ya raɗa sunan a shekarun 1920, lokacin da yake ganin wani nau'in haske ne mai ƙarfin ratsa abubuwa. Daga baya an tabbatar da cewa bai yi daidai ba, amma sunan ya riga ya bi su.

Ana auna ƙarfin kowace ƙwaya da ma'aunin da ake kira elektiron-bolt. Ƙwayar hasken da ido yake gani tana ɗauke da kimanin 2 kacal. Galibin ƙwayoyin kosmik suna ɗauke da biliyan ɗaya zuwa biliyan goma, wasu kuma suna haura tiriliyan dubu. Babbar na'urar hanzarta ƙwayoyi ta cibiyar CERN da ke kusa da Janiba, wadda zagayenta ya kai kilomita 27, iyakar abin da take ba furoton guda shi ne tiriliyan 6.8.

Yaya aka gane cewa daga sama suke zuwa?

A farkon ƙarni na 20 an lura cewa na'urar auna cajin lantarki tana zubar da cajinta a hankali ko da an rufe ta ruf, aka ɗauka cewa wani tururi da ido ba ya gani, wanda wasu sinadarai na cikin duwatsu da ƙasa suke fitarwa, shi ne sanadi. In haka ne, ya kamata abin ya riƙa raguwa idan aka yi nesa da ƙasa. Victor Hess, masanin kimiyya ɗan ƙasar Ostiriya, ya ɗauki na'urorinsa ya shiga kwandon balan-balan sau da yawa, kuma a ranar 7 ga Agusta 1912 ya kai tsayin kimanin mita 5,300. Da farko ma'aunin ya ɗan sauka kamar yadda aka zata, sai kuma ya juya ya dinga hawa, har ya ninka abin da yake nunawa a ƙasa. A watan Afrilu na shekarar ya tashi a lokacin husufin rana bai ga ma'aunin ya ragu ba, abin da ya sa ya cire rana daga zargi. An ba shi kyautar Nobel a 1936.

Wanda ya fara karya ra'ayin Millikan shi ne Jacob Clay, ɗan ƙasar Holan, wanda a 1927 ya yi awo a cikin jirgin ruwa tsakanin Turai da tsibirin Jawa, ya ga cewa ƙwayoyin suna raguwa idan an kusanci ikweta, wato layin da ya raba duniya gida biyu, arewa da kudu. Maganaɗisun duniya ne yake karkatar da su, shi kuwa maganaɗisu ba ya karkatar da haske, sai abin da yake ɗauke da caji.

Me ya hana a juya na'urar hangen nesa a ga inda suke fitowa?

Wannan shi ne tushen wahalar duka. Haske yana tafiya a miƙe, shi ya sa wanda ya ga tauraro ya san ɓangaren da yake. Ƙwaya mai caji kuwa, duk inda ta shiga filin maganaɗisu sai ta lanƙwasa, kuma galaksinmu, wato babban taron taurarin da ranarmu take ciki, wanda ake ganin gefensa kamar farin zane ya ratsa sama a daren da babu wata, cike yake da maganaɗisu mai rauni amma a harɗe. Furoton mai ƙarfin tiriliyan dubu yana kewaya da'irar da faɗinta bai wuce tafiyar haske ta shekara biyu ko uku ba, alhali faɗin galaksin ya kai tafiyar haske ta shekara 100,000. Abin ya yi kama da ranar da hazon hunturu ya yi kauri: gari ya waye, haske yana ko'ina, amma ba mai iya nuna inda rana take.

An ma san tsawon lokacin da suke ɗauka suna wannan gantali. A kan hanya wasu cibiyoyin kabon da oksijin suna karo da iskar gas ta tsakanin taurari su farfashe, su haifar da litiyom, beriliyom da boron. Wani nau'i daga ciki, beriliyom-10, rabinsa yana ruɓewa duk bayan shekara miliyan 1.4, don haka adadin da ya iso mana a raye agogo ne. Agogon ya nuna cewa matsakaiciyar ƙwaya tana shafe kimanin shekara miliyan 15 a cikin galaksi kafin ta sulale ta fita.

Mece ce sufanoba, kuma me ake nufi da ragowarta?

Sufanoba fashewar tauraro ce gaba ɗayansa, kuma hanyoyinta biyu ne. Tauraron da nauyinsa ya ninka na rana sau takwas ko fiye, idan makamashin cikinsa ya ƙare, cibiyarsa takan rufta cikin ƙiftawar ido, sauran jikinsa ya tarwatse. Hanya ta biyu ta shafi wani ɗan dunƙulallen tsohon tauraro da ke jan abu daga maƙwabcinsa har nauyinsa ya kusa ninka na rana sau 1.4, sai wutar nukiliya ta cinye shi a lokaci guda. Ko ta wace hanya, ƙarfin da tarkacen yake fita da shi ya yi daidai da abin da rana za ta fitar a tsawon rayuwarta ta shekara biliyan 10.

Mai jin kalmar ragowa zai iya zaton kufai ne da ya yi shiru. Ba haka abin yake ba. Tarkacen yana bazuwa da gudun kilomita dubbai a daƙiƙa guda, yana ture siririyar iskar gas da ke gabansa, kuma a wurin da suka haɗu akan sami wata iyaka mai kaifi inda gas ɗin yake matsewa ya yi zafin miliyoyin digiri farat ɗaya. Wannan iyaka, wadda za mu kira goshin fashewa, tana ci gaba da tafiya shekaru dubun dubata tana rage gudu. An san irin waɗannan ragowa kimanin 300 a galaksinmu.

Kaɗan daga cikinsu mutane sun ga haihuwarsu da ido. A shekarar 1006 wani sabon tauraro ya bayyana a sararin kudu, kuma Ali ibn Ridwan, likita masanin taurari a Masar, ya rubuta cewa girmansa ya ninka na Zahara sau biyu da rabi zuwa uku, haskensa kuma ya ɗan ɗara rubu'in na wata. Masanan ƙasar Sin sun rubuta wani a 1054, wanda ragowarsa ita ce ake kira Kaguwa. Tycho Brahe ya bi diddigin na 1572, Johannes Kepler kuma na 1604.

Wa ya fara ɗora zargin a kan sufanoba, kuma da wace hujja?

Walter Baade da Fritz Zwicky ne, a Kalifoniya, a shekarar 1934. A lokacin maganar ta fi kama da hasashe. Wanda ya ba ta ƙafar tsayawa shi ne lissafin da Vitaly Ginzburg da Sergei Syrovatskii na Tarayyar Sobiyet suka shimfiɗa a farkon shekarun 1960, kuma lissafi ne irin na mai kula da randar da ke yoyo. An san yawan ƙwayoyin da ke cikin galaksi, an san saurin da suke zurarewa, saboda haka an san abin da dole a riƙa zubawa domin kada randar ta ƙafe. A ɗaya ɓangaren, taurari biyu ko uku ne suke fashewa a galaksinmu a kowane ƙarni. Idan kowace fashewa ta ba da kashi 10 cikin 100 na ƙarfinta ga waɗannan ƙwayoyi, lissafin ya tashi daidai.

Wannan ba shaidar gani da ido ba ce, amma tana da ƙarfi ta wata fuska: abubuwan da suke da irin wannan dukiyar ƙarfi a galaksi ba su da yawa, don haka duk wanda zai wanke sufanoba sai ya kawo wanda zai iya biyan kuɗin.

Ta yaya goshin fashewa yake ba ƙwaya irin wannan ƙarfi?

Ba a bugu ɗaya yake ba ta ba, kuma wannan ne abin da mutane da yawa suke kuskurewa. Fashewar kanta ba ita ce take harbo ƙwayoyin kamar harsashi ba. Aikin yana gudana ne a hankali, cikin shekaru ɗaruruwa da dubbai bayan tauraron ya mutu.

Enrico Fermi ne ya fara kawo tunanin a 1949, inda ya ce ƙwaya tana iya samun ƙarfi idan tana karo da gajimaren gas masu maganaɗisu da ke yawo a galaksi. Matsalar ita ce wani karon yana ƙara mata, wani yana rage mata, ribar da take saura kuwa ba ta taka kara ta karya ba. A tsakanin 1977 da 1978 ƙungiyoyi huɗu da ba su haɗa kai ba, wato Germogen Krymskii, da Ian Axford tare da abokan aikinsa, da Tony Bell, da kuma Roger Blandford tare da Jeremiah Ostriker, suka gano cewa a goshin fashewa babu karon asara. Gas ɗin da ke gaban goshin da wanda ke bayansa kullum suna matsowa juna. Ƙwayar da ta tsallaka daga baya zuwa gaba takan tarar da maganaɗisun can yana tahowa gare ta, ya buge ta ya mayar da ita. Idan ta dawo baya, nan ma ta tarar da gas mai tahowa gare ta. Kowace tafiya da dawowa tana ƙara mata kimanin kashi ɗaya ko biyu cikin ɗari na ƙarfin da take da shi.

Misalinta kamar falke ne da ke kai da kawo tsakanin kasuwanni biyu, yana samun 'yar riba a kowace tafiya yana zuba ta cikin uwar kuɗi. Ribar kashi ɗaya cikin ɗari ba ta da ban sha'awa, amma bayan tafiya 70 jarin ya ninka, bayan tafiya kusan 1,400 kuwa ya ninka sau miliyan. Sai dai a kowane zagaye wasu ƙwayoyin sukan bi gas ɗin da ke kwarara baya su tafi ba su dawo ba, kamar fataken da suka ajiye sana'a. Sakamakon shi ne masu ƙaramin ƙarfi su yi yawa, masu babban ƙarfi su yi kaɗan, bisa wani tsari na lissafi tsayayye. Abin da ya sa masana suka karɓi wannan bayani hannu bibbiyu shi ne tsarin da lissafin ya fitar ya yi kusa ƙwarai da wanda ake aunawa a duniya, idan aka yi la'akari da cewa masu babban ƙarfi sun fi saurin tserewa daga galaksi.

An taɓa ganin wannan yana faruwa?

An gani, amma da farko ga elektiron kaɗai. Elektiron mai gudu idan maganaɗisu ya lanƙwasa shi yana fitar da wani haske mai alama ta musamman. Tun a 1953 Iosif Shklovsky ya bayyana hasken Kaguwa ta wannan hanya. A 1995 tauraron ɗan'adam na Japan mai suna ASCA ya duba ragowar tauraron 1006, wanda Ibn Ridwan ya gani, ya tarar gefunanta biyu suna fitar da hasken eksire irin wannan, wanda ba ya samuwa sai daga elektiron masu ƙarfin da ya kai kusan tiriliyan 100. Daga baya na'urar Chandra, wadda aka harba a 1999, ta nuna cewa hasken yana fita ne daga wasu siraran zare a daidai goshin fashewar, kuma sirantarsu ta nuna cewa maganaɗisun wurin ya ninka na sauran galaksi sau goma ko fiye.

A nahiyar Afirka aka samu shaida ta gaba. A tuddan Khomas na ƙasar Namibiya akwai na'urorin H.E.S.S., waɗanda aka zaɓi sunansu don tunawa da Hess. Aikinsu shi ne kama ɗan walƙiyar shuɗin haske, mai gajartar da ido ba ya iya gani, wanda ke aukuwa idan hasken gamma, wato nau'in hasken da ƙwayoyinsa suka fi na kowane haske ƙarfi, ya daki iskar duniya. A 2004 suka fitar da hoton ragowar RX J1713.7-3946 da hasken gamma mai ƙarfin tiriliyoyi, siffarsa kuwa ta bi siffar ɓawon ragowar sak.

To ina shaidar furoton, tunda su ne mafi rinjaye?

Nan ne aka daɗe ana jayayya, domin elektiron ma suna iya haifar da hasken gamma, ta hanyar bugun raunanan ƙwayoyin haske su ɗaga ƙarfinsu. Ana buƙatar alamar da furoton kaɗai yake bari. Idan furoton mai gudu ya yi karo da furoton na gas ɗin da ke zaune, akan haifi wata ƙwaya marar caji mai suna payon, wadda nan take take rabuwa zuwa ƙwayoyin hasken gamma guda biyu. Nauyin payon ya yi daidai da elektiron-bolt miliyan 135, don haka kowace ɗaya tana tashi da kusan miliyan 68 idan payon ɗin yana tsaye. Wannan yana sa hasken ya yi wani tozo, ya kuma zube da sauri a ƙasa da 'yan ɗaruruwan miliyoyi.

A watan Fabrairu na 2013 masu aiki da tauraron ɗan'adam na Fermi, wanda aka harba a 2008, suka sanar da ganin wannan tozo a ragowa biyu bayan tara bayanai na shekara huɗu: IC 443, mai nisan tafiyar haske ta shekara kimanin 5,000, da W44, mai nisan kusan 10,000. Dukansu sun kutsa cikin gajimaren gas masu kauri, wanda ya ba furoton ɗin abin da za su daka. Tauraron AGILE na Italiya ya riga ya hango alamar a W44 tun 2011. Daga nan babu sauran musu cewa ragowar sufanoba tana hanzarta furoton.

Ke nan an rufe magana?

Ba a rufe ba, kuma duk labarin da ya ce an rufe ya yi gaggawa. Idan aka jera ƙwayoyin bisa ƙarfinsu, duk ninki goma na ƙarfi yawansu yana raguwa kusan sau 50, haka abin yake tafiya lami lafiya har zuwa kimanin tiriliyan 3,000, inda layin yake karyewa raguwar ta ƙara tsanani. Masana suna kiran wurin gwiwa. A can, ƙwaya ɗaya ce take sauka a kan murabba'in mita guda a shekara. Fahimtar da aka fi yarda da ita ita ce gwiwar tana nuna iyakar ƙarfin da masu hanzartawa na galaksinmu suke iya ba furoton. Idan ragowar sufanoba ce tushen, dole ta kai wannan matsayi.

Tun a 1983 Pierre-Olivier Lagage da Catherine Cesarsky suka lissafa cewa da maganaɗisu na yau da kullum goshin zai yi sanyi kafin ƙwaya ta wuce tiriliyan 100. A 2004 Tony Bell ya nuna yadda ƙwayoyin da kansu suke iya tayar da maganaɗisun da ke gaban goshin su ƙara masa ƙarfi, abin da ya ɗaga iyakar a takarda. Amma awo bai bi takarda ba tukuna. A IC 443 da W44 yawan furoton yana fara zubewa tun kafin tiriliyan ɗaya. Ragowar da ake kira Cassiopeia A, wadda shekarunta kimanin 350 ne kuma aka fi sa rai a kanta, na'urorin MAGIC da ke tsibirin La Palma sun nuna a 2017 cewa haskenta na gamma yana yankewa a wajen tiriliyan 3.5, nesa ƙwarai da abin da ake nema. Masu kare ra'ayin suna cewa ragowa tana kai gwiwa ne a 'yan shekarunta na farko kawai, lokacin da goshin yake kan ganiyar gudunsa, sannan waɗannan ƙwayoyi su tsere. Uzuri ne mai ma'ana, sai dai uzurin da ya ce abin ya faru kafin a zo kallo yana da wuyar gwadawa.

Akwai wasu da ake zargi?

Akwai, kuma na gaba a cikinsu dangin sufanoba ne. Manyan taurari a rukuni ake haifarsu, suna hura iska mai tsananin gudu, sannan su riƙa fashewa ɗaya bayan ɗaya, su haƙa wani ƙaton kumfa mai cike da goshi iri-iri. Ƙwayoyin kosmik suna ɗauke da niyon-22 da ya ninka na tsarin rana kusan sau biyar, irin wanda iskar manyan taurari take fitarwa. A 2016 kuma tauraron ɗan'adam na ACE ya ba da rahoton cibiyoyi 15 na ƙarfe-60, wanda sufanoba ke ƙerawa kuma rabinsa yake ruɓewa cikin shekara miliyan 2.6. Fassarar da aka fi ba wannan ita ce fashewa ɗaya ta ƙera shi, wata ta kusa da ita ta hanzarta shi.

A 2016 H.E.S.S. ta ga alamar furoton masu kusan tiriliyan dubu a tsakiyar galaksi, kusa da babban baƙin ramin da ke can, wato dunƙulallen abu mai tsananin nauyi wanda ko haske ba ya iya kuɓuta daga gare shi. A 2021 cibiyar LHAASO, da ke kan tsaunin da ya kai mita 4,410 a lardin Sichuan na ƙasar Sin, ta sanar da wurare 12 masu fitar da hasken gamma sama da tiriliyan 100, mafi ƙarfinsa tiriliyan 1,400 daga yankin Cygnus, inda akwai taron manyan taurari matasa. Da yawa daga waɗannan wurare suna maƙwabtaka da fulsa, wato dunƙulallen gawar tauraro mai juyawa da sauri.

Ƙwayoyin da suka fi kowanne ƙarfi fa?

Waɗannan sun fi ƙarfin sufanoba, kuma daga wajen galaksinmu suke. Wadda aka kama a jihar Utah ta Amurka a watan Oktoba na 1991 tana ɗauke da kimanin jul 50, ƙarfin dutsen da aka jefa da hannu, a cikin cibiyar atom guda. A 2017 cibiyar Pierre Auger ta Ajantina, mai faɗin murabba'in kilomita 3,000, ta nuna cewa irinsu sun fi zuwa daga wani ɓangaren sama da ke nesa da tsakiyar galaksi.

Suna shafar mutum a doron ƙasa?

Iskar duniya tana tare na asalin a can sama, su farfashe su zama yayyafin ƙananan ƙwayoyi. Waɗanda suka fi isowa ƙasa su ne miyuwon, kuma kimanin guda ɗaya ce take ratsa faɗin farcen yatsa a kowane minti. Abin da mutum yake samu daga gare su a shekara kimanin milisibat 0.4 ne (ma'aunin yawan tururin da jiki ya sha), daga cikin 2.4 na dukan tururin da yake samu daga halitta, kuma ƙasashen da ke kusa da ikweta sun fi samun kariyar maganaɗisu. Ma'aikatan jirgin sama da 'yan sama jannati ne ake sa wa ido.

Amfaninsu kuwa ya iso har gida. Su ne suke juya naitirojin na iska ya zama kabon-14, wanda tsirrai suke shaƙa, kuma rabinsa yake ruɓewa cikin shekara 5,730 bayan itacen ya mutu. Da wannan aka auna kwalekwalen Dufuna, wanda wani makiyayi ya ci karo da shi yana haƙa rijiya a 1987 a yankin da yake jihar Yobe a yau, aka samu shekarunsa sun kai kimanin 8,000.

Me zai raba gardamar?

Abu biyu ake jira. Na farko shi ne na'urori masu kaifin gani da za su tantance ainihin abin da ke fitar da hasken a wuraren da LHAASO ta nuna, kuma don haka ake gina jerin na'urorin CTAO a La Palma da hamadar Atakama ta ƙasar Chile. Ƙwayoyin niyutirino, waɗanda ba su da caji don haka a miƙe suke tafiya, su ma za su taimaka, domin karon furoton yana haifar da su, elektiron kuwa ba ya yi. Cibiyar IceCube da ke cikin ƙanƙarar Antatika ta ba da rahoton ganinsu daga faifan galaksinmu a 2023, ko da yake ba ta ware tushe guda ba.

Na biyu ba a hannun kowa yake ba, wato sabuwar sufanoba a cikin galaksinmu, wadda za a kalla tun daga makonninta na farko a ga ko goshinta ya kai gwiwa. Ta 1987 ta faru ne a wani ƙaramin galaksi maƙwabci, mai nisan tafiyar haske ta shekara kimanin 168,000, kafin a sami na'urorin gamma na yanzu. Ta ƙarshe da aka tabbatar an gani da ido a namu galaksin ita ce ta 1604, 'yan shekaru kaɗan kafin a fara ɗaga na'urar hangen nesa zuwa sama.